Shin batir mai rauni na iya kashe mota tana kan silo?

Mota ta tashi da safe, ta yi tafiyarta lafiya lau, amma da an iso shataletalen Lalan ko an shiga dogon layi an ɗaga ƙafa daga totur, sai ta kama karkarwa. Allurar inji ta riƙa hawa tana sauka, fitilu su dushe, wani sa'in ta mutu murus. Laifin batir ne, ko kuwa babu ruwansa?

Tambayar nan ta daɗe tana raba kan masu gyara a Gusau. Ka je wurin bakanike, ya ce maka: "Alhaji, ai batir ya gama aikinsa tun da mota ta tashi, nozul ne ko filogi." Ka tsallaka wurin mai wayarin ko mai shagon batir, ya ɗaga bonet ya girgiza kai: "Ranka ya daɗe, wannan ya gama yayi, a sa sabo kawai." A da ana iya sayen sabon a gwada sa'a. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, kuɗin batir ya yi tashin gwauron zabo, ya wuce abin da mutum zai saya a kan zato. Ni a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, kuma mai motar da bai san inda rabin kowa ya tsaya ba shi ne ke biyan kuɗi sau biyu.

Wa ke yin me a ƙarƙashin bonet

Batirin mota ɗakuna 6 ne a cikin akwati ɗaya, kowane ɗaki da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowanne yana ba da wuta kusan bolt 2.1. Idan an haɗa, lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna 12.6. Tsohuwar fasaha ce ƙwarai, tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro ta, har yau kuma ita ce a yawancin motocin fetur da dizal. Babban aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne: ya ba kik, na'urar da ke juya inji ya tashi, wuta mai yawa, am 100 zuwa 200 ko fiye, har inji ya kama.

Da inji ya kama, sai altaneta ta karɓi aiki. Fambel ke juya ta, ita kuma ta samar da wutar da motar ke ci, ta mayar wa batir abin da kik ya zuƙe. Har nan bakanike na da gaskiya.

Silo kuwa shi ne juyin da inji ke yi shi kaɗai ba a taka masa totur ba, yawanci tsakanin 600 da 900 a minti ɗaya idan ya yi ɗumi. A wannan hali inji ba shi da wani ƙarfin a zo a gani. Iska kaɗan yake shaƙa, mai kaɗan yake ƙonawa, daidai abin da zai hana shi tsayawa. Duk wani nauyin da aka ɗora masa a nan yana jin sa.

Me ya sa sai a silo matsalar ke bayyana

Altaneta ba ta ba da cikakkiyar wutarta sai tana gudu. Wadda aka rubuta mata am 90 ko 100, a silo abin da take iya bayarwa bai kai haka ba, wani lokaci bai wuce rabi da ɗan wani abu ba. To ga motar a tsaye cikin zafin Afrilu, esi a kunne, fankar lagireto na juyi, fankar cikin mota na kan lamba ta ƙarshe, rediyo na kiɗa, wayoyi biyu na caji, idan dare ne ga manyan fitilu. Ba abin mamaki ba ne a wannan lokaci buƙata ta zarce abin da altaneta ke kawowa. Mai cike giɓin shi ne batir. Kamar tankin ruwa ne a saman gida: injin burtsatse ke jawo ruwa, amma idan aka buɗe famfo uku a lokaci guda, tankin ne ke hana ruwan tsinkewa. Wannan shi ne aikin batir na biyu, wanda masu cewa "ya gama aikinsa" ke mantawa da shi.

Sannan wuta ba kyauta take zuwa ba. Duk am ɗin da altaneta ta fitar, daga ƙarfin inji ta ciro shi, kuma gwargwadon abin da ake nema a wurinta, gwargwadon taurin da take yi wa fambel. A yi lissafi: bolt 14 sau am 70 ya ba da kusan wat 1,000. Altaneta kuma tana ɓarnar kusan rabin ƙarfin da take karɓa, ya tafi a zafi. Ke nan inji zai ba ta abin da ya kai ƙarfin doki 2 ko ya ɗara. A kan babbar hanya wannan ba komai ba ne. A silo kuwa kaya ne mai nauyi.

Raunin batir ma ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da yadda yake damun inji.

Akwai batirin da lafiyarsa ƙalau, caji ne kawai ya yi ƙasa, ko don an bar fitila a kunne ko don motar ta daɗe a ajiye. Da mota ta tashi sai ya riƙa zuƙar wuta da yawa, altaneta ta yi tauri, silo ya ɗan sauka. Wannan na ɗan lokaci ne, da ya ƙoshi abin ya wuce.

Akwai tsohon batir wanda farantansa suka yi tsatsa, suka kama wani farin gishiri mai tauri. Shi ba ya karɓar caji sosai, ba ya kuma iya bayarwa da sauri. Lokacin da fankar lagireto ta tashi farat ɗaya, ko aka murɗa sitiyari a motocin da sitiyarinsu na lantarki ne irin Corolla ta 2009 zuwa sama, ana buƙatar wuta mai yawa nan take. Lafiyayyen batir zai biya wannan buƙata kafin altaneta ta shirya. Tsohon ba zai iya ba. Sai wutar motar gaba ɗaya ta yi ƙasa, altaneta ta yunƙura da dukkan ƙarfinta, ta danne inji, allura ta faɗi. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da makanikai ke kira birenbos, ta ga haka ta ƙara iska da mai, inji ya zabura ya wuce inda ake so, ta sake ragewa. Hawa da saukar da direba ke gani ke nan. Idan faɗuwar ta riga gyaran sauri, mota ta mutu.

Mafi muni shi ne wanda ɗaki ɗaya ya haɗe a ciki. Ya koma batir mai ɗakuna 5, wutarsa wajen 10.5, altaneta kuma tana ta fama ta kai shi 14, abin da ba zai yiwu ba. Irin wannan yakan yi zafi, gefensa ya kumbura, ya riƙa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ba silo kaɗai yake ɓatawa ba, yana iya ƙona altanetar ma. Wanda ya ji wannan wari kada ya kusanto da sigari ko ashana, iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Bayan nauyi a kan inji, ƙarancin wuta na taɓa kayan da ke ƙona man kansu. Famfon mai da ke cikin tanki na lantarki ne, idan wuta ta ragu gudunsa ya ragu. Kwayil na buƙatar wuta kafin ya ba filogi tartsatsi mai ƙarfi. Nozul kuwa, mai fesa wa inji mai, a silo buɗewarsa ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, kuma idan wuta ta yi rauni yakan makara wajen buɗewa. Gaskiya ne masu ƙera mota sun san da haka, sun koya wa ƙwaƙwalwar yadda za ta rama wannan makara, shi ya sa ɗan ragin wuta ba ya kashe mota. Abin da ke rikita ta shi ne wutar da ke tsalle-tsalle, ko wadda ta faɗi ƙasa sosai har ita ƙwaƙwalwar ta ɗauke na ƙiftawar ido. Ta ɗauke, inji ya tsaya.

Duk da haka, ga inda nake komawa ɓangaren bakanike. Motar da altanetarta ke da lafiya, wayoyinta a ɗaure, maƙogwaron iskarta a wanke, da wuya batir shi kaɗai ya riƙa kashe ta. Zai sa ta rawa, i. Amma mutuwa a kai a kai yawanci alama ce ta cewa akwai wata lalura a ƙasa, batir ya zo ne ya tona mata asiri.

Motar da, da motar yanzu

Tsofaffin makanikai ba daga sama suka samo maganarsu ba. Sun koyi aiki ne a kan Fijo 504 da 505, irin waɗanda kamfanin Fijo na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗawa, da Bitil, da tsofaffin Datsun. Motocin kafireta ne. Inji da kansa ke tuƙa famfon mai, sukurun silo da hannu ake murɗa shi, wutar da ake buƙata ta kwayil ce kawai. Batir ya mutu, a tura ta a giya ta biyu, a saki kuloci, ta kama, a kai Talata Mafara a dawo. Tsofaffin manyan motocin dizal ma sun fi haka rashin damuwa da wuta.

Motocin da suka cika titi yanzu, Corolla da Camry da Honda da Golf da Sharon da Sienna, kusan duk na nozul ne, ƙwaƙwalwa ke lissafa musu mai da iska da lokacin tartsatsi, na'urorin da ke kai mata labari kuma da 'yar wuta ta bolt 5 suke magana. Ilimin da ya yi daidai a kan 504 ba lallai ya yi daidai a kansu ba. Otomatik ba ta tashi da turi. Mai giyar hannu ma, idan batir ya mutu ƙurmus, sai a gaji da turi ba ta kama ba, don babu wutar da za ta tayar da famfon mai da ƙwaƙwalwa.

Cire kan batir mota na aiki

Wannan gwaji ya zama ruwan dare: a tayar da mota, a zare kan batir, in ta mutu a ce altaneta ce, in ba ta mutu ba a ce lafiyarta lau. Kada ka yarda a yi wa motarka. Wutar da altaneta ke fitarwa ba sumul take ba, tana da ƙananan tsalle-tsalle, batir ne ke shanye su. Zare shi ana cikin caji na iya sa wutar ta yi tsalle ta ninka 14 sau da yawa na ɗan lokaci, abin da ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwa ko rediyo ko altanetar kanta. Kuma gwajin ba ya ma faɗin gaskiya: altanetar da ta rasa rabin ƙarfinta na iya riƙe inji idan ba a kunna komai ba. Haka zancen yake ga dabarar tayar da mota da batirin aro, a zare shi tana aiki a mayar da mataccen.

An sa sabon batir, silo kuma ya lalace

Wannan na ruɗa mutane har su koma shago da faɗa, su ce an sayar musu da jabu. Sau da yawa ba haka ba ne. Shekara da shekaru ƙura da hayaƙin mai na taruwa a bakin injekta, wato maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji, hanyar iska na ƙara tsukewa, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙara buɗe ƙofar kaɗan-kaɗan tana ajiye lissafin. Da an cire batir, a motoci da yawa wannan lissafi ya goge, ta koma kan na ranar da aka ƙera ta, alhali maƙogwaron ya toshe da dauɗa. Sai silo ya yi ƙasa, ta riƙa mutuwa a kowace tsayawa. Maganin mai sauƙi ne: a wanke bakin injekta, a bar inji ya yi ɗumi, ya yi 'yan mintoci a silo ba a kunna komai ba, sannan a kunna esi, sannan a ɗan zagaya gari. Wasu motocin sai an sa musu kwamfuta kafin su koma daidai.

Abin da ke cin batir a ƙasarmu

Mutane kan zargi sanyin hunturu saboda a safiyar Disamba da Janairu ne mota ke ƙin tashi. Amma zafi ne ke yin ɓarnar, sanyi bayyana ta kawai yake yi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Zamfara na kai maki 40, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir na ƙafewa, faranta na zagwanyewa. Shi ya sa batir ba ya yin tsawon rai a nan irin wanda yake yi a ƙasashe masu sanyi.

Ga kuma hanyoyinmu. Leƙa ƙarƙashin bonet na motocin haya a tasha: batir zaune babu ƙarfen da ke danne shi, an ɗaure shi da igiyar roba, kansa ya yi farin gari mai kore-kore, maƙalar ta yi sako-sako har an buga ƙusa a tsakani don ta kama. Kowane rami aka faɗa, faranta na girgiza, kan na motsi, wuta na yankewa tana dawowa. Irin wannan mota za ta nuna duk alamun mataccen batir ko da jiya aka sayo shi. Haka idan wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji ta yi tsatsa ko ta saki.

Tsadar mai ma ta kawo nata. Ana kashe mota a kowace 'yar tsayawa, ana gajerun tafiye-tafiye daga Tudun Wada zuwa kasuwa a dawo, kik na ɗiba, altaneta ba ta samun lokacin mayarwa. Batirin da ke zama da rabin caji kullum shi ne ke saurin kama gishirin nan. Wasu kuma idan an ɗauke wuta sukan ciro na mota su kunna fanka da fitila a gida har asuba. Ba a yi batirin mota don a tatse shi ƙarƙaf ba, sau kaɗan za a yi masa haka ya lalace. Sai masu sa ƙaramin batir na am 45 a motar da aka yi wa gurbin 75 don sauƙin kuɗi, da masu ƙara asid idan ruwa ya yi ƙasa, alhali tataccen ruwa kawai ake ƙarawa.

A auna kafin a saya

Mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ko kusa ba, kuma kowane mai wayarin na kirki yana da ita. Ka tsaya a yi awon a gabanka.

Mota a kashe, bayan ta huta 'yan sa'o'i: 12.6 cikakke ne, 12.4 da sauran dama, 12.2 rabi ne, 12.0 zuwa ƙasa ya kusa ƙarewa. Amma ƙarancin caji ba mutuwa ba ne, a kai shi wurin masu caji ya ƙoshi tukuna, sannan a yanke masa hukunci. Awon da ya fi tona gaskiya shi ne na lokacin da ake murɗa makulli: idan wutar ta faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, batirin ya gaji.

Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna esi da manyan fitilu, a sake dubawa. Idan ta zube zuwa 12 da ɗoriya ta ƙi tashi ko an ɗan taka totur, a bincika altaneta da fambel. Sai dai a lura, wasu motocin, Honda na cikinsu, da gangan suke rage caji zuwa wajen 12.5 idan babu abin da ke cin wuta, don haka a kunna fitila kafin a ɗora wa altaneta laifi. Daga nan a auna tsakanin kan batir na baƙar waya da jikin inji: abin da ya wuce 0.2 da yawa na nufin akwai tsatsa ko sako-sako a hanya.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin sa kwamfuta. Lambar P0562 na nufin wutar mota ta yi ƙasa. Idan kwamfuta ta zubo lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna, na birki da na giya da na sitiyari, a fara duba wuta kafin a sayi ko da na'ura ɗaya.

Idan kuwa duk awon nan ya fito daidai, mota na tashi da bugu ɗaya, fitilu ba sa dushewa, amma silo na rawa, to a bar batir ya huta. A duba bakin injekta, da matatar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, da tiyon da ya tsage yana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya, da filogi, da kwayil, da famfon mai, da kuma man da aka sha a bakin titi.

Wanda ya tabbata sai ya canza, ya bar tsohon a shago a rage masa kuɗi, kada ya kai shi gida yara su yi wasa da shi. Mu a Zamfara mun san gubar dalma: a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai.

Idan fitilar batir ta kama a hanya

Jar fitilar nan mai hoton batir ba tana cewa batir ya mutu ba ne, cewa take caji ya tsaya. Daga wannan lokaci motar na cin abin da ke cikin batir ne kawai, in ya ƙare ta tsaya, ko a silo take ko a guje. Alamun kan zo a jere: fitilu su dushe, rediyo ta ɗauke, wasu fitilun gargaɗi su kama, sitiyarin lantarki ya yi tauri, giyar otomatik ta fara fizga. Nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, a sa sabon batir mota ta tashi garau, kowa ya yi murna, kwana ɗaya ko biyu ta sake mutuwa, don altanetar da ta kashe na farko tana nan.

A hanyar Tsafe zuwa Funtua, ko ta Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, a halin rashin tsaron da ake ciki, babu mai son tsayawa a daji yana jiran mai wayarin. Idan fitilar ta kama, a kashe esi da fankar ciki da rediyo, a zare cajar waya, kada a kashe inji sai an shiga gari, don mai yiwuwa ba zai sake tashi ba. Amma ido na kan allurar zafi. A motoci da yawa fambel ɗin da ke juya altaneta shi ne ke juya famfon ruwa, idan shi ne ya tsinke allurar za ta haura cikin 'yan mintoci, kuma ci gaba da tafiya a haka zai ƙona gasket ko ya kashe injin gaba ɗaya.